Sallama a Ƙofa ta 8000: Littafin Aikin Manhajar Shagon Kawu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi, domin aikin ya kai inda ƙwaƙwalwa kaɗai ba za ta riƙe shi ba. Wata uku ke nan ina rubuta wa Kawu, yayan mahaifiyata, manhajar lissafin kaya. Shagonsa a Kantin Kwari yake, atamfa da shadda da leshi, da yara huɗu da akawu ɗaya, ga sito a bayan layi. Har yanzu komai a babban littafi ake rubuta shi: turmi nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya ɗebi kaya bashi ya nufi Maraɗi ko Damagaram. Buƙatarsa ba ta da yawa. Yana son kowane yaro ya shigar da ciniki daga wayarsa yana tsaye a kan kanta, shi kuma ya duba ya ga abin da ya rage. Sharaɗinsa ɗaya ne, a gama kafin azumi, wanda ake sa ran kamawarsa a farkon Maris. Da zarar an fara sayen kayan sallah babu mai sararin koyon sabon abu a Kwari.

Da Django 4.2, wani kayan aikin gina manhajar da ake buɗewa a burauza, na rubuta manhajar, a kan Ubuntu Server 22.04, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Shi Ubuntun a cikin VirtualBox yake zaune, wato manhajar da ke yanko wani yanki na ƙarfin kwamfutarka ta ƙera wata kwamfutar da shi, wadda ba ta da gangar jiki amma tana da nata faifan ajiya da nata katin sadarwa. Masu wannan fanni suna ɗaukar ta cikin a matsayin baƙuwa, ta wajen kuma mai masauki, kuma haka zan riƙa kiransu a nan. Dalilina na bin wannan hanya shi ne laftof ɗin shago Windows 10 ce a kanta, akawu yana aikin Excel da ita kullum, ba zan goge masa ba. Baƙuwa kuwa a fayil guda ake naɗe ta, a saka a filashi, a kai ta duk inda ake so. Sannan ba na son lissafin shago ya dogara da intanet. Ko da data ko babu, ciniki ba ya tsayawa.

Ga inda na maƙale. A cikin baƙuwar, idan na rubuta `curl localhost:8000`, umarnin da ke kiran shafi, shafin yana fitowa daram; 8000 ɗin lambar ƙofar da manhajar ke sauraro a kai ce, domin kowace kwamfuta ta ƙofofi masu lamba take karɓar saƙo. Na koma Chrome a kan Windows na rubuta wannan adireshi, sai ya ce ERR_CONNECTION_REFUSED. Wannan ban daɗe a kansa ba. Kalmar localhost, ko lambarta 127.0.0.1, ma'anarta "ni kaina". Kowace kwamfuta ta faɗe ta, kanta take nufi. Windows ta ƙwanƙwasa ƙofarta ta 8000, ba kowa a ciki, ta faɗa mini gaskiya.

Sai na tambayi baƙuwar adireshinta da `ip a`, ta ce 10.0.2.15. Na saka shi a Chrome, abin ya yi ta juyawa har ya gaji ya ce lokaci ya ƙure. Nan ma da dalili. Tsarin da VirtualBox ke ɗora sabuwar baƙuwa a kai sunansa NAT, kuma ya yi kama da gida mai zaure ɗaya: na ciki yana iya aika yaro kasuwa ya dawo masa da saƙo, amma na waje ba shi da hanyar shiga sai an yi masa iso. Wannan adireshin na cikin gida ne, Windows ba ta san hanyarsa ba.

Talata, 7 ga Janairu

Ison da ake yi shi ne tura ƙofa. Ka ce wa VirtualBox duk wanda ya yi sallama a ƙofa kaza ta mai masauki, a raka shi ƙofa kaza ta baƙuwa. Tunda baƙuwar a kunne take, ga abin da na rubuta:

`VBoxManage controlvm "kanti" natpf1 "shafi,tcp,,8080,,8000"`

Na buɗe localhost:8080 da tsammanin an gama. Saƙon ya canja, ya koma ERR_EMPTY_RESPONSE. Da farko raina ya ɓaci, amma da na nutsu na gane canjin saƙon kansa labari ne. Jiya ba a amsa sallamar ba sam. Yau an amsa, an shigar da ni zaure, sannan aka dawo da ni hannu rabbana. Ke nan VirtualBox ta yi nata, a ciki ne ba a karɓe ni ba.

Umarnin `ss -tlnp` yana jero duk ƙofofin da ake saurare a kansu, da mai sauraron. Ya nuna mini 127.0.0.1:8000. Ashe idan ka tayar da Django da `runserver` kawai ba ka faɗi adireshi ba, 'yan cikin ɗaki kaɗai yake saurara. Baƙon da VirtualBox ta rako kuwa ta katin sadarwa yake shigowa, ta 10.0.2.15, inda babu mai jiransa. Na kashe na sake tayarwa da `runserver 0.0.0.0:8000`, wato ya saurara ta kowace fuska. Shafin shiga ya bayyana a Chrome wajen ƙarfe sha ɗaya na dare. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Gwajin waya, a gida. Laftof ɗina da wayar ƙanina duk a kan Wi-Fi ɗaya. `ipconfig` ya ba ni adireshin laftof ɗin, na rubuta shi a wayar da 8080 a ƙarshe. Shiru, sai juyawa.

Na fara gane bambancin shiru da korar kai tsaye. Idan an ce an ƙi, to saƙonka ya isa kwamfutar, ta duba ta ga babu mai saurare. Idan kuwa shiru ne har lokaci ya ƙure, ko dai ka ɓata hanya, ko akwai mai gadin da ya karɓe takardarka ya jefar bai ce maka uffan ba. A nan mai gadi ne, katangar tsaron Windows, wadda ta lissafa Wi-Fi ɗin gidanmu cikin na wuraren taruwar jama'a ta tsaurara. Na mayar da shi na gida, na buɗe ƙofa ta 8080 ita kaɗai. Na ga mutane da yawa suna kashe katangar ɗungurungum don su huta, kuma ban yarda da wannan ba. Don kana son baƙo ɗaya ya shigo ba ka cire ƙyauren gida.

Sai wayar ta nuno shafin nan mai ruwan ɗorawa na Django, an rubuta DisallowedHost. Ƙanina ya ce, "Yaya, ai ya sake lalacewa." Na ce masa a'a, wannan shi ne mafi daɗin kuskuren da na gani a makon nan, don Django ne da kansa yake magana, saƙon ya ratsa duk ƙofofi ya iso ɗaki. Abin da yake cewa kawai shi ne sunan da aka kira shi da shi ba ya cikin ALLOWED_HOSTS, jerin sunayen da aka yarda ya amsa. Na ƙara adireshin, ya buɗe.

Asabar, 11 ga Janairu

Na naɗe baƙuwar a fayil na OVA, na hau a-daidaita-sahu daga Kabuga tun da hantsi, ga hazon hunturu ko'ina. Na tarar Kawu ya riga ya gaya wa maƙwabtan shago cewa yau ɗansa zai kawo injin lissafi.

Baƙuwar ta ƙi tashi a laftof ɗin shago. Saƙon ya ce an kashe VT-x a cikin BIOS, wato damar da firosesan Intel ke bayarwa ta ɗaukar baƙuwar kwamfuta. Laftof ɗin HP ce, F10 ake dannawa tana kunnuwa. Na shiga na kunna, ta tashi. Na duba ƙa'idar tura ƙofa tana nan, na maimaita gyaran katangar Windows, na saka sabon adireshi a ALLOWED_HOSTS, tunda MiFi ɗin shago 192.168.8 yake rabawa, ba irin na gidanmu ba. A kan laftof ɗin komai lafiya lau. Akawu ma ya shigar da turmi uku na gwaji.

A waya kuwa shiru. Waya huɗu muka gwada, har da tawa. Na yi ta canje-canje cikin hayaniyar kasuwa, ana miƙa kaya ta saman kaina, 'yan dako suna neman hanya. Zuwa la'asar na taɓa abubuwa da yawa har ban iya tuna wanne na mayar wanne na bari ba. Wannan kuskurena ne, kuma daga yau ba zan ƙara canja abu biyu a lokaci guda ba, kowane canji sai na rubuta shi kafin na taɓa na gaba.

Kawu bai nuna ɓacin rai ba. Cewa ya yi, "Ɗana, je ka huta, Litinin ma rana ce." Wannan ya fi faɗa nauyi a wurina.

Litinin, 13 ga Janairu

Jiya na kwana da zargin NAT. Don haka da isowata na sauya baƙuwar zuwa tsarin Bridged Adapter, inda take fitowa fili ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da sauran na'urori, MiFi ya ba ta adireshinta na kanta. Ta samu 192.168.8.105. Laftof ɗin ta same ta a wannan adireshi ba gardama. Wayoyi kuwa har yanzu shiru.

A nan na tsaya na yi tunani. A wannan tsari babu tura ƙofa, kuma katangar Windows ba ta tace abin da ke zuwa wa baƙuwa, ita kuma baƙuwar ban kunna mata tata katangar ba tukuna. Duk waɗanda nake zargi na sallame su, amma ciwon yana nan. To ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sai na ajiye maganar manhaja gaba ɗaya na koma tambaya mafi sauƙi: shin laftof ɗin nan da wayoyin nan suna ma jin juna kuwa? Ban gwada `ping`, ɗan saƙon gwajin da ke neman na'ura ta amsa, daga waya zuwa laftof ba, saboda Windows ba ta saba amsa shi ba sai an ba ta izini, shirunta ba zai zama hujja ba. Ta ɗaya ɓangaren na bi. Daga laftof na aika wa MiFi ɗin, 192.168.8.1, ya amsa nan take. Na aika wa wayata, aka ce ba a iya kaiwa gare ta. Na aika wa wayar babban yaron shago, haka. Kowa yana jin MiFi, babu mai jin ɗan'uwansa.

Don na tabbatar, na kunna hotsifot a wayata na ɗora laftof da wayar yaron a kai. Baƙuwar ta karɓi sabon adireshi, muka rubuta shi. Shafin ruwan ɗorawa ya fito, DisallowedHost. Na san wannan fuska. Saƙo ya isa ɗaki. Ba manhajar ba ce, ba VirtualBox ba ce, ba Windows ba ce. Hanyar ce.

Kalmar sirrin shiga saitin MiFi ɗin tana manne a ƙarƙashin batirinsa. A sashen Wi-Fi na tarar da wani maɓalli mai suna AP Isolation a kunne. Aikinsa shi ne ya raba tsakanin duk waɗanda suka hau, kowa ya fita intanet abinsa amma kada ya ga na kusa da shi, kamar gidan haya da kowane ɗaki ƙofarsa titi take kallo, babu tsakar gida. A otal ko wurin cin abinci wannan alheri ne, yana kare baƙo daga baƙo. A shagon da ake son wayoyi su yi magana da laftof kuwa shi ne ya tsare hanya. Ita laftof ɗin ta riƙa samun baƙuwar ne saboda zancensu a cikin gida yake ƙarewa, ba ya bi ta iska. Wannan ne ya ruɗe ni ranar Asabar.

Na kashe maɓallin, na mayar da kowa kan MiFi, na gyara jerin sunaye. Waya huɗu, duk sun buɗe. Na miƙa wa Kawu tasa na ce, "Kawu, ku duba, ga shaddar da ta rage." Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya sa akawu ya buɗe babban littafi su gwada. Lissafi ya zo ɗaya. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ce amin.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar komawa gida shi ne gwajin da ya warware matsalar bai kai minti biyar ba, kuma tun ranar Asabar yana hannuna. Hankalina ya tafi kan abin da ni na gina, na manta da akwatin da ke rataye jikin ƙusa a bango.

Laraba, 15 ga Janairu

Tsugune ba ta ƙare ba. Da safe babban yaro ya kira: "Malam, abin nan ya ƙi buɗewa." An ɗauke wuta tun daren jiya, MiFi ya mutu, da aka kunna shi ya sake rabon adireshi, baƙuwar ta tashi daga 105 ta koma 102. Alamar da na ajiye musu a burauza tana nuna gidan da mai shi ya tashi. Ta waya na karanta wa akawu abin da zai rubuta, muka lallaɓa aka yi cinikin yau. Amma wannan ba gyara ba ne. Dole baƙuwar ta samu adireshin da ba ya motsi, kuma ban ga wurin kafe adireshi a saitin wannan MiFi ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yi wa Kawu bayani ya amince, na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo rauta mai cin layin waya, mai ramukan kebul a baya, da 'yar batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta. Muka cire layin daga MiFi muka saka mata.

Laftof ɗin yanzu da kebul take haɗe da rautar. Na zaɓi haka da gangan. Tsarin Bridged a kan Wi-Fi dabara ce ake yi, domin katin Wi-Fi ba ya yarda na'ura biyu su yi magana ta bakinsa kowace da lambarta, sai VirtualBox ta riƙa aron lambar mai masauki tana sakaya ta baƙuwar. Yana aiki, amma a kan kebul babu buƙatar wannan ɓoye-ɓoyen.

Na yi shawara da kaina ko na koma NAT tunda yanzu na san ba shi da laifi. Na ƙi saboda abu biyu. A NAT duk wanda ya shigo, manhajar tana ganinsa ne da adireshi ɗaya, 10.0.2.2, ba za ka bambance wayar wannan da ta wancan a rajistar shiga ba, kuma a harkar da ta shafi kuɗi ina son wannan shaida. Na biyu, a NAT adireshin Windows ne zan kafe, kuma laftof ce da hannaye da yawa ke taɓawa.

Rautar tana zaune a 192.168.1.1, tana rabo daga 100 zuwa sama. Na ba baƙuwar 192.168.1.50, can ƙasa inda rabon ba ya kaiwa, don kada wata rana a ba wata waya lambarta su yi karo. A Ubuntu a fayil ɗin da ke cikin `/etc/netplan` ake rubuta wannan, ƙarƙashin sunan katin, `enp0s3`. Fayil ne mai tsananin kula da tazara, gurbi ɗaya ya goce ya ƙi karantuwa. Na yi amfani da `netplan try`, wanda ke gwada sabon saiti, in ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120 ya mayar da na da. Ga wanda ke aiki daga nesa wannan rahama ce.

Na kashe rautar na kunna sau uku. Hamsin tana nan a hamsin.

Juma'a, 24 ga Janairu

Makon nan na cire `runserver`. Su kansu masu Django sun rubuta ƙarara cewa na gwaji ne, kada a ɗora masa aikin gaske. Na sa Gunicorn ya riƙe manhajar, Nginx ya tsaya a gaba a ƙofa ta 80 yana tarbar baƙi, systemd kuma ya riƙa tayar da su da kansa duk lokacin da baƙuwar ta kunnu. Amfanin ƙofa ta 80 shi ne yara sun huta da rubuta lamba a ƙarshen adireshi. Na kuma kashe DEBUG, don shafin ruwan ɗorawan da nake murna da shi yana tona cikin manhaja ga duk wanda ya gan shi.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a na Fagge na zauna gwaji, sai ga 502 Bad Gateway. Yanzu na iya karatun irin wannan. Wanda ya yi maganar Nginx ne, ke nan an shigo gida, tsakaninsa da Gunicorn ne zance ya yanke. Rajistarsa da ke `/var/log/nginx/error.log` ta ce an hana shi izini, lamba 13. Dalili kuwa, tun daga Ubuntu 21.04 jakar gida ta kowane mai amfani a kulle take zuwa, da izinin 750, wanda ba na gida ba ba ya leƙawa. Nginx da sunan `www-data` yake aiki, ni kuma na ajiye komai a jakata. Da na ga dama da na sassauta kullen, amma an yi shi ne don kariya, kuma daidai ne. Na kwashe aikin na mayar `/srv/kanti`. Shafin ya fito tsirara babu launi babu tsari, na tuna ban gudanar da `collectstatic` ba, umarnin da ke tattara fayilolin launi da tsarin shafi, na yi, ya dawo kamanninsa.

Sai katangar baƙuwar, `ufw`. Tunda Windows ba ta gadinta a wannan tsari, dole ta tsare kanta. Kafin na kunna sai da na fara buɗe ƙofa ta 22, wadda ake bi a sarrafa baƙuwar daga wata kwamfuta, da ta 80 ga 'yan 192.168.1 kaɗai. Wanda ya kunna kafin ya buɗe 22 yana iya kulle kansa a waje.

Litinin, 27 ga Janairu

Ƙananan abubuwa uku, duk daga rayuwar shago suka fito, babu wanda zan iya hangowa daga ɗakina.

Akawu yana rufe murfin laftof idan zai tafi sallar azahar, ita kuma sai ta yi barci, baƙuwar ta bi ta. Na saita rufe murfi kada ya yi komai. Na biyu, da safe sai wani ya tuna ya buɗe VirtualBox ya danna. Na rubuta ɗan fayil mai layi ɗaya, `VBoxManage startvm "kanti" --type headless`, na jefa shi a jakar abubuwan da Windows ke tayarwa da an shiga, yanzu baƙuwar tana tashi a ɓoye babu tagar da wani zai rufe bisa kuskure.

Na uku ya fi tayar mini da hankali. Rasit biyu na safiyar Asabar sun fito da kwanan watan Juma'a. Yaro ne ya rufe baƙuwar ta hanyar daskarar da ita yadda take, da ta farka sai agogonta ya ci gaba daga inda ya tsaya kafin ya samu ya daidaita. A lissafin bashi kwanan wata ba abin wasa ba ne. Na saka mata `virtualbox-guest-utils` don ta riƙa ɗaukar lokaci daga mai masauki, na kuma tabbatar TIME_ZONE yana kan Africa/Lagos. Rasit biyun mun gyara su da hannu, ni da akawu, Kawu yana kallo.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Datar rautar ta ƙare ranar Asabar, kuma wayoyi biyu suka daina buɗe manhajar alhali alamar Wi-Fi tana nan a sama. Wannan ya taɓa ni, don alƙawarin da na yi wa Kawu shi ne ko babu intanet aiki zai tafi. Ga abin da ya faru: wayar Android idan ta lura Wi-Fi ɗin da take kai ba ya fita intanet, takan karkatar da saƙonninta ta datar layinta ba tare da ta sauka daga Wi-Fi ɗin ba. Adireshi irin 192.168.1.50 kuwa na cikin gida ne, babu shi a titin intanet. Sauran wayoyin biyu ba su da data a layinsu, shi ya sa suka tsaya inda suke suka ci gaba da aiki.

Na nuna wa yaran saƙon da wayar ke turowa tana tambaya ko a ci gaba da zama a kan wannan Wi-Fi, na ce su amsa da e, su kuma zaɓi kada ta sake tambaya. In ya faskara, su kashe datar waya na ɗan lokaci. Na rubuta wannan da Hausa a kwali, tare da adireshin, na manna kusa da rautar.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kwana biyar babu wanda ya kira ni. Yau na je da kaina. An shigar da cinikin mako guda cif, akawu yana rubuta babban littafi a gefe kamar yadda Kawu ya ce a ci gaba har bayan sallah, kuma na goyi bayan haka. Sun sami saɓani a wuri biyu, da aka bincika duka biyun mantuwar shigarwa ce.

Saura aiki biyu. Wi-Fi ba ya kaiwa sito, ginin da ke tsakani da dilolin kaya sun shanye shi, yaron sito sai ya fito bakin layi yake samu. Na auna tazarar da ƙafa, ba ta kai mita 100 da kebul ke iya ɗauka ba, don haka za a ja waya ta saman rumfa a saka ƙaramar rauta ta biyu, in maƙwabcin da za a bi ta gaban shagonsa ya yarda. Kawu ya ce shi zai yi masa magana.

Na biyu shi ne ajiyar kwafi. A yanzu duk lissafin shagon a cikin baƙuwa ɗaya yake, a cikin laftof ɗaya, a kasuwar da kowa ya san tarihinta da gobara. Na saita ta riƙa fitar da kwafin bayanan kullum ƙarfe biyar na yamma zuwa wata jaka da take rabawa da Windows. Na ba akawu filashi biyu, ɗaya ya kwana a shago ɗaya a aljihun Kawu, ana musanya su kowace rana. Gobe Lahadi zan ɗauki na aljihun Kawu na zuba shi a wata sabuwar baƙuwa a laftof ɗina a gida, na ga ko lissafin makon nan zai dawo turmi da turmi.